Tambaya da Amsa: Shin Tsiro Yana Zuƙe Gubar Ƙasa?

Tambaya: An ce idan fili ya gurɓata da tsohon maganin ƙwari ko dalmar batir, sai a shuka ciyawa ta zuƙe gubar. Da gaske ne? Kuma za a iya cin abin da aka noma a wurin?

Amsa: Malam, akwai gaskiya a ciki, amma ya danganta da irin gubar.

DDT (wani tsohon maganin ƙwari) da PCB (wani sinadarin masana'antu), waɗanda ke cikin sinadarai 12 da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta fara sa wa takunkumi, ba sa narkewa a ruwa sosai. Manne wa ruɓaɓɓen ganye da ke cikin ƙasa suke yi, shi ya sa yawancin tsirrai ba sa iya hawa da su zuwa ganye. Dangin kabewa ne suka fita daban, suna jan su har cikin kara da 'ya'ya. Karas kuwa a ɓawo yake tara su. Ƙananan halittun da ido ba ya gani da ke kewaye da saiwa suna ɗan farfasa su, amma aikin shekaru ne.

Dalma da kadmiyam (shi ma ƙarfe ne mai guba) ba sa ruɓewa ko kaɗan, sai dai su sauya wuri. Dalma a saiwa take maƙalewa, haɗarinta ya fi yawa a ƙurar da ke sauka kan ganye da hannun yara. Kadmiyam shi ne mai saurin hawa, musamman cikin latas, alayyafo da shinkafa, kuma tsamin ƙasa yana ƙara masa gudu. Farar ƙasa da za ta kai ma'aunin tsamin ƙasa (pH) wajen 6.5 zuwa 7 tana rage shi.

Inda aiki ke ɓaci shi ne bayan shukar. Ganyen da ya zuba ya ruɓe yana mayar da gubar saman ƙasa, har wadda saiwa ta jawo daga can ƙasa. Saiwar da ta mutu tana barin ƙananan ramuka, ruwan sama ya bi su ya gangara da gubar. Wasu suna zuba sinadarin EDTA don dalma ta narke tsiro ya sha. Wadda tsiron bai sha ba ruwan rijiya take nufa, don haka ba ma goyon bayansa a buɗaɗɗen fili.

Ku fara da gwaji: ɗebi ƙasa daga wurare biyar ko fiye, zurfin santimita 15, sannan 15 zuwa 30 a leda daban, a kai ɗakin gwaji. Idan an samu dalma, rufe filin da ciyawa mai zurfin saiwa kamar jema, ta hana ƙura da zaizaya. Abin da aka yanke kada a ba dabba, kada a yi taki, kada a ƙona a fili, a kai wurin zubar da shara mai haɗari. Kayan miya kuwa a noma su a ɗagaggen kwami mai shimfiɗa a ƙasansa, da sabuwar ƙasa mai kaurin santimita 30 ko fiye.