Amsoshin tambayoyinku: sayen sunan shafi a intanet, da yadda ba zai kuɓuce maka ba

Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan domen suka taru, wato sunan da ake bugawa a isa shafin mutum a intanet, irin mai ƙarewa da .com ko .ng. Guda huɗu na ɗauko.

Tambaya: Ina sayar da turaren wuta da humra a Kano, ta WhatsApp da Instagram. 'Yata ta ce lokaci ya yi da zan buɗe shafi na kaina. In sayi .com ne ko .ng? Sannan akwai kalmar "ƙamshi" a sunan sana'ata, ta ce wai harafin ƙ zai ba ni matsala.

Amsa: Hajiya, duka biyun 'yarki ta yi gaskiya. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter tun watan Yuni, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Duk mai kasuwar da ke can kaɗai, zaman jira ya yi. Shafinki na Instagram a hannun kamfanin Meta yake, in suka rufe shi ba ki da inda za ki kai ƙara cikin sauƙi. Domen kuwa, matuƙar kina biyan kuɗinsa, kina iya ɗaukarsa ki kai inda kika ga dama.

Idan masu sayen kayanki 'yan Najeriya ne, .com.ng ya ishe ki, kuma ya fi .ng zalla araha. Hukumar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da sunayen .ng, tana da jerin kamfanonin da ta amince su yi wa mutane rajista, kuma da naira ake biya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi .com kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da shi, farashinsa na sari ya ɗan haura dala 10 a shekara tun Satumbar 2024. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance wajen naira 460 take, farkon 2024 ta wuce 1,500. Masu .com sun ga kuɗin sabuntawa ya ninka alhali ba abin da aka ƙara musu. Amma fa idan kina aika kaya Saudiyya ko Ingila ko Nijar, hannun mutane ya fi sabawa da .com. Da ni ce da hali, sai in sayi biyun, in sa ɗaya ya riƙa kai mutum ga ɗayan. In ɗaya kaɗai za ki iya, ɗauki .com.ng.

Za ki ga ana tallar wasu irin .xyz da .shop da .store a kan kuɗi ƙalilan. Araha ba ta ado. Farashin shekarar farko ke nan. Ki nemi na shekara ta biyu kafin ki biya.

Batun harafi kuwa, asalin tsarin domen haruffan a zuwa z ya sani, sai lambobi da ɗan karan tsakiya. Akwai hanyar shigar da wasu haruffa, amma a bayan fage sunan kan koma wani dogon abu mai farawa da xn--, kuma yawancin masu sayen kayanki ba su da ƙ a madannin wayarsu. Rubuta "kamshi" kawai. Ita kuwa alamar nan da ke cikin "sana'a" da "'yan" ba ta shiga ko kaɗan. Sai dai ki karanta sunan bayan an cire masa lanƙwasa, domin "baƙi" yana komawa "baki". Ki guji saka lamba da kara a suna. Gwajin da ya fi kowanne shi ne ki faɗi sunan a saƙon murya ga 'yan'uwanki, ki ce su rubuto miki abin da suka ji. In kowa ya rubuto nasa daban, ki sake suna.

Tambaya: Ina da makarantar firamare da sakandare a Kaduna. Wani matashi ya haɗa mana shafi shekaru uku da suka wuce, shi ya sayi sunan, ni dai kuɗi na ba shi. Yanzu mun sami saɓani, ya daina ɗaukar wayata. An ce mini wai shafin nasa ne ba nawa ba. Haka ne?

Amsa: Malam, a takarda mai yiwuwa haka ne, kuma wannan ita ce matsalar da ta fi kowace yawa a wasiƙun da nake samu. Domen ba saye ake yi a mallaka har abada ba, haya ce kamar ta shago a kasuwa: wanda sunansa ke kan takardar haya shi hukumar kasuwa ta sani, ba wanda ya ba da kuɗi a bayan fage ba. Kamfanin rajista abu uku yake dubawa: sunan wa aka rubuta a matsayin mai domen, asusun wa yake ciki, kuma wane imel aka bayar. In duka ukun na matashin nan ne, a idonsu kai baƙo ne.

Ka fara raba abubuwan da ake cakuɗawa. Sunan daban, ma'ajiyar da aka ɗora shafin a kanta daban, zane da rubutun shafin daban. Shafi in ya ɓata wani zai haɗa maka sabo cikin mako ɗaya. Sunan ne ba ya maimaituwa, ga shi yana kan allon makaranta, da takardun shiga, da jikin motar ɗaukar yara, ƙila har imel ɗin makarantar a kansa yake.

Shawarata ka bi ta sulhu tukuna, ba don tsoro ba, don ya fi sauri ya fi sauƙin kuɗi. Ka sa wani babba da yake jin nauyinsa ya shiga tsakani. Idan akwai haƙƙinsa da ya rage, ka biya shi. Kafin zaman, ka buɗe asusu da kanka a kamfanin da aka yi rajistar, da imel ɗin da kai kaɗai ke da kalmar sirrinsa. A zaman ya tura domen ɗin zuwa asusunka a gabanka, a sauya sunan mai shi ya koma na makarantar. Yawancin kamfanoni suna yin wannan cikin mintoci. In kuma wani kamfani za ka koma, sai ya cire makullin canji, wato abin da ke hana a ɗauke sunan zuwa wani kamfani, ya ba ka lambar izinin canja wuri. A .com akwai ƙa'idar kwana 60 da ba a canja kamfani bayan sabuwar rajista, amma shekara uku ta wuce wannan.

Idan ya ƙi, tattara rasit, da shaidar kuɗin da ka tura masa, da hirarku ta WhatsApp, da takardar CAC ta makarantar, ka rubuta wa kamfanin rajista. Sau da yawa za su ce rigimarku ce ba tasu ba, to daga nan sai lauya. Kana cikin haka ka nemi .sch.ng da sunan makarantarka, domin makarantun firamare da sakandare aka ware shi.

Ban ce kada a ba matasan nan aiki ba, da yawansu masu amana ne. Amma mai amana ma yana tafiya karatu waje, yana sauya layi, yana rasuwa. Ka ba shi izinin shiga ya yi aiki, rajista kuwa da sunanka.

Tambaya: An turo mini imel cewa domen ɗina zai mutu cikin awa 24 in ban danna wani wuri na biya ba. In biya?

Amsa: Kada ka danna. Buɗe shafin kamfanin da ka yi rajista da hannunka, ka shiga asusunka ka duba ranar ƙarewar wa'adi. 'Yan damfara suna tura irin wannan saƙo dubbai, wani lokaci daga adireshin da harafi ɗaya ya bambanta shi da na gaske.

Mantuwar kuwa gaskiya ce, ba ta bar manya ba. A Disambar 1999 kamfanin Microsoft bai sabunta passport.com ba, masu Hotmail suka kasa shiga, sai wani mutum mai suna Michael Chaney ya biya musu dala 35 daga aljihunsa. A .com dokar ICANN, hukumar da ke tsara sunayen intanet a duniya, ta wajabta a tuna maka kusan wata ɗaya kafin wa'adi, a sake tunawa saura mako. Bayan ya ƙare kamfani na iya ɗaga maka ƙafa har kwana 45, ko da yake wasu ba sa kaiwa haka, wasu ma gwanjon sunan suke yi. Daga nan sai kwana 30 na fansa, da tara mai tsada, sai kwana 5, a saki sunan kowa ya saya. Na .ng tsarinsu daban ne, ka tambayi kamfaninka.

Duk wannan tunatarwa ta imel take zuwa, to kada imel ɗin rajistar ya zama na kan domen ɗin kansa, don ranar da sunan ya tsaya shi ma ya tsaya. Ka kunna makullin canji. Ka sa tabbatarwa mai mataki biyu, kuma ta manhaja irin Google Authenticator, ba ta saƙon tes ba, saboda ana iya yi wa layinka walkam-bak a ɓoye, layin da aka daɗe ba a amfani da shi kuma kamfani kan sayar wa wani. Sabuntawa da kanta tana da kyau, amma katin banki yana ƙarewa, wani katin naira kuma ba ya biyan dala. In da hali biya na shekaru da yawa lokaci ɗaya; .com yana karɓar har 10.

Tambaya: Na yi rajistar kamfanina a CAC, sai na tarar wani ya riga ya sayi sunan a .com, yana neman kuɗi mai yawa. Ba ni da iko a kansa?

Amsa: Alhaji, takardar CAC ba ta ba ka domen kai tsaye, wanda ya riga shi ke da shi. Akwai tsarin sasanta irin wannan rigima da ICANN ta fito da shi a 1999, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, WIPO, da ke Janeba tana sauraron ƙararrakin. Sai ka nuna abu uku tare: sunan ya yi kama da tambarin kasuwancinka, mai riƙe da shi ba shi da wata halastacciyar alaƙa da shi, kuma da mugun nufi ya saya yake amfani da shi. Kuɗin shigar da ƙara dala 1,500 ne, ban da na lauya. Idan ya riga kamfaninka zuwa duniya da sunan, da wuya ka yi nasara.

Ga ƙaramin kamfani ban ga ribar wannan ba. Kama .com.ng da .ng yau kafin ya farga, ko ka ƙara sunan gari ko na sana'a a bayan sunan. Idan kuma ka ƙudurta sai ka saya, kada ka taya da imel ɗin kamfani ya gane ka matsu, kuma kada ka tura kuɗi kai tsaye. Bi ta kamfanin shiga tsakani irin Escrow.com, wanda ke riƙe kuɗin sai sunan ya shigo asusunka.