Kansar Furostet: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, shekarata 46. Wannan ciwo ne ya yi ajalin mahaifinmu. Ni ma zan gaje shi?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifi. Ba dole ba ne, amma wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi kansar furostet (wata ƙwaya ce da ke ƙasan mafitsarar namiji), haɗarinsa ya ninka na sauran maza kusan sau biyu. Ka bincika dangin mahaifiya ma, domin matsalar ƙwayar gado ta BRCA2, mai jawo wa mata kansar mama, tana jawo wa maza wannan. Ga shekaru, don yawanci bayan 50 yake bayyana. Ga kuma launin fata: a Birtaniya, namiji 1 cikin 8 ke kamuwa, amma a baƙaƙen fata 1 cikin 4 ne. Da ni ne kai, da na fara gwajin jini na PSA (wani sinadari da kan ƙaru a jini in furostet na da matsala) tun ina 45.

Tambaya: Ina tashi fitsari sau huɗu da dare. Kansa ce?

Amsa: Galibi girman furostet ne irin na tsufa. Kansar kan fara ne shiru, ba alama. A duba ka dai.

Tambaya: Likita, an yi wa maigidana tiyata bara, an cire ƙwayar furostet duka. Me ya sa har yanzu ake ɗibar jininsa?

Amsa: Hajiya, furostet ce ke samar da PSA. Tunda an cire ta, cikin mako 6 zuwa 8 ya kamata ya sauka har na'ura ta kasa ganinsa. In ya dawo ya kai 0.2, aka maimaita aka sake samun haka, to akwai ɓurɓushin da ya rage, kuma jini kan tona shi tun kafin mutum ya ji komai a jikinsa. Wanda aka yi wa gashi, wato aka ƙona kansar da hasken na'ura maimakon tiyata, lissafinsa daban ne, tunda ƙwayar tana nan: sai PSA ya haura mafi ƙanƙantar adadin da ya taɓa sauka da maki 2.

Ana gwajin duk wata 6 zuwa 12 har shekara 5, sannan shekara-shekara. Na sha ganin mai jinya ya zo da takarda ɗaya a ninke cikin aljihu, hankali a tashe, alhali abin da muke dubawa shi ne saurin hawan PSA ɗin. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta kowane sakamako da kwanan wata. In kuwa ciwon baya ko ƙugu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kada ku jira ranar da aka ba ku.