Tambaya da Amsa: In halin kirki ba ya ceto, mene ne amfaninsa?

Tambaya: Ina ajin shirin baftisma a wata majami'a a Tawa. Fasto ya ce mana kyawawan ayyuka ba sa sa mutum ya karɓu ga Allah. Ni kuwa na tashi ina jin cewa abin da ka shuka shi za ka girba. Ashe riƙon amana da taimakon marayu aikin banza ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba banza ba ne, sai dai an haɗa maka tambayoyi biyu wuri guda. Ta farko: me ke sa Allah ya karɓi mai zunubi? Ta biyu: wanda aka karɓa, yaya zai yi zamansa? Fasto ta farkon ya amsa.

Kalmar da tsofaffin masu bi ke amfani da ita ita ce barata, kuma kalmar shari'a ce: alƙali ya yanke cewa babu sauran ƙara a kanka. Manzo Bulus ya ce a Romawa 3:23 kowa ya yi zunubi, a aya ta 28 kuma ya ce ta bangaskiya ake karɓar mutum, ba ta ayyukan Shari'ar Musa ba.

Ɗauki misalin mai shagon unguwarku da littafinsa na bashi. Yana binka jika hamsin tun bara. Yau ka sayi sukari da shayi kuɗi hannu, gobe ma haka. Ka kyauta, amma in ya buɗe shafinka, hamsin ɗin na nan daram, don kuɗin yau na kayan yau ne. Gaskiyar da ka faɗa yau dama wajibinka ce, ba ta goge ƙaryar jiya. Koyarwar Kirista ita ce Almasihu ya biya bashin a kan gicciye, bangaskiya kuma hannu ce kawai da ke karɓa.

Ayyuka fa? Karanta Afisawa 2:8-10 har ƙarshe, don da yawa a aya ta 9 suke tsayawa. Ta 8 da ta 9 sun ce ceto kyauta ne, don kada kowa ya yi fariya. Ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Karɓuwa ce a gaba, ayyuka na biye.

Za ka ji masu cewa Yakubu, marubucin ɗaya daga wasiƙun Sabon Alkawari, ya saɓa wa Bulus, tunda ya ce bangaskiya marar ayyuka matacciya ce (Yakubu 2:26). Duba da kyau: dukansu Ibrahim suka kawo, dukansu sun ja Farawa 15:6. Bulus ya nuna an lasafta wa Ibrahim adalci tun kafin kaciyarsa a Farawa sura ta 17. Yakubu ya kai mu sura ta 22, inda Ibrahim ya miƙa ɗansa Ishaku, bangaskiyar ta fito fili.

Wuri biyu ake zamewa. Mai lissafin lada, ran da ya yi azumi sai ya raina na kusa da shi, ran da ya faɗi sai ya ɗauka Allah ya juya masa baya. Bafarisin Luka 18 ke nan, wato Bayahude mai tsantsenin bin Shari'a, mai azumi sau biyu a mako, amma mai karɓar haraji ne ya koma gida karɓaɓɓe, ba shi ba. Ɗayan kuwa cewa yake an riga an biya, sai ya ci gaba da tauye mudu. Romawa 6 ta rufe masa wannan ƙofa.

In ka tambayi fada, wato limamin Katolika, bayaninsa zai ɗan bambanta. Tun babban taron shugabannin cocinsu a Tarento, a 1547, suna koyar da cewa barata ta haɗa da sabunta zuciya, ba hukunci kaɗai ba. A 1999, a Ogsbag ta Jamus, Katolika da Lutarawa, wato mabiya koyarwar Martin Luther, sun sa hannu cewa ta alheri kaɗai ake karɓarmu, Ruhu Mai Tsarki kuma ke kiranmu ga kyawawan ayyuka.

Kafin aji na gaba, karanta Romawa 3 zuwa 6 a zama ɗaya, sannan Yakubu 2, ka kai wa fasto ayar da ta tsaya maka a wuya.