Makarantar yarona ta sha ƙasa a jarabawar jiha, in cire shi ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malama. Ni a Bronx nake zaune cikin New York, shekararmu biyu da zuwa daga Kumasi. Yarona yana aji huɗu a firamaren gwamnati ta unguwarmu. Maƙwabciyata ce ta nuna min a waya wai sakamakon jarabawar jiha ya fito kuma yaran makarantar da suka ci ko rabi basu kai ba, shi nawa mataki na 2 ya samu a Turanci, na 3 a lissafi. Babansa yace kawai a cire shi a nemi wata. Don Allah makarantar ce bata da kyau? Kuma za su sa ya maimaita aji ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da ta ƙarshen don hankalinki ya kwanta. Wannan jarabawa ba irin kwaman entrans ɗin da muka sani a gida bace wadda in yaro ya faɗi shikenan ƙofa ta rufe. Tun 2014 dokar jihar New York ta hana a ɗauki makin jarabawar jiha a matsayin babban dalilin hana yaro wucewa aji na gaba, aikinsa na cikin aji da abin da malamarsa ta gani shi ake fara dubawa. Kuma mataki na 2 ba faɗuwa warwas bane. Matakan huɗu ne, na 1 yana can baya sosai, na 2 ya kama wani abu amma da saura, na 3 ya kai inda ake so, na 4 ya zarce. Yaron da shekara biyu da suka wuce yake Kumasi ya zo ya samu 3 a lissafi, ai wannan sai dai a ce masha Allah a saya masa tsaraba.

Toh maganar makaranta kuma, nan ne zan ɗan daɗe.

Asalin abin, a 2002 shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa kowace jiha gwada yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8, a 2015 Obama ya sa hannu a wata da ta maye gurbinta amma ba a soke gwajin ba. Kowace jiha ita take tsara tata jarabawar, ita kuma take ja layin da za a ce daga nan yaro ya ci. Wannan layin kuwa mutane ne suke zama su ja shi. A 2012 kusan kashi 55 cikin ɗari na yaran jihar New York ne suka ci Turanci, kusan kashi 65 suka ci lissafi, da aka sauya jarabawar a 2013 sai duka biyun suka dawo wajen kashi 31. Kin ga ai ba wai yaran jiha guda ne suka kwana suka tashi daƙiƙai ba, malaman ma su ne dai na bara, awon ne aka canja.

Sai ki tambayi kanki su waye suke cikin ajin. Lambar da maƙwabciyarki ta nuna miki tana faɗa miki yara nawa ne suka haye layi a ranar jarabawa, bata faɗa miki daga ina suka taso ba. Makaranta a unguwa irin taku cike take da yaran da a gida Sifaniyanci ko Bengali ko Fulatanci ko Hausa ake yi, wasu a tsakiyar shekara suka shigo, wasu iyayen aikin dare suke yi babu mai zama dasu a kan aikin gida, sannan a ɗauki sakamakonsu a jera da na unguwar da yaro tun yana shekara uku ake karanta masa littafi kafin barci ana kuma biya masa lesin. Ba na cewa babu makarantun da suka lalace, akwai su mana, amma wannan lamba ita kaɗai bata isa ta rarrabe miki lalatacciya da wadda take jan kaya mai nauyi ba.

Akwai wata yarinya da na taɓa zama da ita, an bata lissafin labari irin na wane ya sayi kwali kaza kowane kwali da fensir kaza ya raba wa mutum kaza, ta ƙura wa takardar ido ta ƙi taɓa fensir. Da na faɗa mata tambayar da Hausa ko rufe baki ban yi ba ta bani amsa, tana ma kallona kamar na raina mata wayo. Kalma ɗaya ce ta tsare ta a cikin jimlar. A takarda dai za a rubuta bata iya rabawa ba.

Ga kuma ƙanƙantar adadi. Misali in 'yan aji uku su 60 ne a makarantar, yara shida kacal suka haye layin ci ko suka faɗo ƙasansa sakamakon ya motsa da kashi 10, shi yasa ban cika yarda da na shekara ɗaya ba, ki duba na shekara uku a jere.

Abin da ni zan yi da nice ke, zan nemi ganin malamar ajin, kuma kina da haƙƙin a samo miki tafinta kyauta in kina so, kar ki ji nauyin tambaya. Ki ce ta nuna miki matakin karatunsa na watan Satumba da na yanzu. Ki tambaya ko yana cikin masu samun darasin Turanci na musamman na yaran da ba Turanci ne harshen gidansu ba, sau nawa a mako, da kuma abin da ya samu a jarabawar da jiha take yi wa irin waɗannan yara don auna yadda Turancinsu yake tafiya. Sannan ki nemi rahoton da hukumar ilimin birni take fitarwa kan kowace makaranta, akwai wajen da ake nuna cigaban yara daga bara zuwa bana, wannan ya fi gaya miki ko ana koyarwa. In malamar ta buɗe fayil ta nuna miki rubutunsa ta ce ga inda yake tuntuɓe, toh ku bar shi. In kuwa aka yi ta miki kwana-kwana babu wanda ya san matakin da yaron yake, ko a shekara ɗaya an canja masa malami sau uku, a nan maganar babansa ta samu gindin zama.

Ki kuma gaya wa Alhaji cire yaro ba kamar canja shago bane, firamaren gwamnati a birnin yawanci da adireshin gida ake shiga, kuma yaron da yanzu ya fara sabawa da bakin malamarsa zai koma farawa daga farko.

Jarabawar gaba wajen Afrilu zuwa Mayu take zuwa. Tun 2016 aka daina ƙayyade mata lokaci, don haka ki ce masa kar ya yi gaggawa, ya karanta tambaya sau biyu. 'Yan aji huɗu yanzu a kwamfuta suke rubutawa, in babu a gida ku riƙa leƙa laburaren unguwa ranar Asabar, katin kyauta ne, ya saba da buga rubutu ya kuma ɗauko littafi biyu ya riƙa karanta miki da baki minti ashirin bayan magariba, ko baki gane duka ba ki ce ya baki labarin da Hausa.