Bakina Yana Waƙa, Zuciyata Tana Kasuwa: Shin Ni Munafuka Ce?

Tambaya: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Shekarata 18 da yin baftisma, ina cikin Zumuntar Mata, ba na fashin sujada, ba na wasa da zakka. Amma tun bara idan na durƙusa yin addu'a ba na jin kome, a majami'a kuma bakina yana waƙa zuciyata tana kasuwa. Wani da ake kira annabi a unguwarmu ya ce an ɗaure ni, sai na sayi man shafewa a wurinsa, na yi azumin kwana 7 ba ci ba sha. Shin ni munafuka ce? In sayi man?

Amsa: 'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Munafuki ba ya rasa barci saboda bushewar zuciyarsa, domin muddin jama'a suna ganinsa a layin gaba ranar Lahadi, buƙatarsa ta biya. Bafarisen da Yesu ya kwatanta a Luka 18 yana azumi sau biyu a mako, yana fitar da zakka daga duk abin da ya samu, bai kuwa ga wani aibu a kansa ba. Wanda ya koma gida baratacce shi ne mai karɓar harajin da ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji. Damuwar da ta sa kika rubuto ta fi kama da ta mutum na biyu. Ki kuma duba jikinki, gama gajiya, baƙin ciki da rashin barci sukan dusashe addu'a, Iliya ma abinci da barci Allah ya fara ba shi kafin ya yi masa magana a Horeb.

Batun man nan ne nake so in daɗe a kai, domin da wuya mako ya wuce ban gamu da shi ba. Iyayenmu da suka karɓi bishara sun kwance layu da guraye sun ƙone su a gaban ikilisiya, ga shi yau jikokinsu suna komawa ga abu ɗaya, an dai canza wa tuwo suna. Na taɓa zuwa gaishe da wani dattijo marar lafiya, na tarar da kwalabe uku na mai a ƙarƙashin matashinsa, da hankici mai hoton wani mai wa'azi ɗaure a damtsensa, daidai inda kakansa yake ɗaura kambu. Littafi Mai Tsarki kuwa yana buɗe a Zabura 91 a kan taga, ƙura ta rufe shafin, an ajiye shi ne don ya kori mayu. Matarsa ta gaya mini sun daina sayen maganin hawan jini tun da suka fara sayen man.

Wannan tunani, cewa akwai wani abu ko wani aiki da zai tilasta wa Allah ya amsa, tsoho ne ƙwarai. A 1 Sama'ila 4, da Filistiyawa suka ci Isra'ilawa, ba su tambayi kansu game da zunubinsu ba, sai suka aika Shilo aka ɗauko akwatin alkawari, suna zaton shi zai cece su. Suka yi sowa har ƙasa ta girgiza, amma a ranar mutum 30,000 suka mutu, aka ƙwace akwatin, Hofni da Finehas suka hallaka. Macijin tagulla ma, wanda Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera, Sarki Hezekiya farfasa shi ya yi sa'ad da mutane suka fara ƙona masa turare. Idan abin da Musa ya ƙera ya zama gunki, ina ga man zaitun da aka saro a kasuwa aka liƙa masa hoton annabi?

Masu sayar da man za su kawo miki Yakubu 5:14. Ki karanta da kanki: marar lafiya ne yake kiran dattawan ikilisiya, su yi addu'a su shafa masa mai, babu farashi a ayar. Mutumin da ya haɗa kuɗi da baiwar Allah a Sabon Alkawari shi ne Siman mai sihiri na Samariya, wanda shi ma an yi masa baftisma, amma Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, gama zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Mu fastoci ma da laifinmu, domin mun saba auna ruhaniyar mutum da katin zakka da rajistar halarta, har wani lokaci sai an duba katin kafin a yarda a yi wa mamaci jana'iza. Wanda aka koya masa haka, me zai hana shi ɗaukar bangaskiya a matsayin ciniki?

Saboda haka kada ki sayi man, kada kuma ki yi kwana 7 ba ruwa, domin yana iya lalata ƙoda, balle in kina da ciwon suga ko gyambon ciki. Amma kada ki bar sujada ko Jibin Ubangiji da hujjar cewa ba kya jin kome, gama Ubangiji ne ya kafa su, hawaye kuma ba shi ne ma'aunin ibada ba. Ki bincika ko akwai wadda take riƙe da ke a zuciya, ko cikin zumuntar taku ne, ki je ki shirya da ita kafin baiko na gaba kamar yadda Matiyu 5:23-24 ya umarta. Sa'an nan ki ɗauki Zabura 42 kowace safiya har wata guda, ki karanta a hankali, ki gaya wa Allah da bakinki cewa kin bushe, ki kuma nemi wata dattijuwa amintacciya a ikilisiyarku ku riƙa yin addu'a tare sau ɗaya a mako.