Malama, ki fara gyara sauti kafin hoto

Malama, kin ce kina son haɗa ɗan gajeren bidiyo kan wani aiki da ɗalibanki suka yi, amma waya kaɗai gare ki. Wayar ta isa.

Kafin ki taɓa ta, ki rubuta labarin a jimla ɗaya. In ya ƙi shiga, to bai nuna ba tukuna. Bidiyon minti 3 zuwa 5 ya wadatar.

Ni sauti ne ya kayar da ni a karon farko. Na yi hira da wani yaro a aji, fanka na juyawa, taga kuma a bayansa. Da na zo kallo, fuska baƙi ƙirin, magana kuwa sai ƙugin iska. Mai kallo yakan yi haƙuri da hoto dishi-dishi, amma muryar da ba ya ji ba ya jure mata. Ki kashe fanka, ki maƙala ƙaramar makirufo a wuyan riga. In babu, ki ajiye wata wayar kusa da mai magana tana naɗa, ki tafa sau ɗaya da farko don ki gane inda za ki daidaita sauti da hoto. Taga ta zama a bayanki.

Ki riƙe wayar a kwance, ki sa ingancin hoton a 1080p a saitin kyamara, kowace ɗauka ta kai daƙiƙa 10 ba girgiza. Ki ɗauki hannu yana rubutu, alli a jikin allo. Da su ake rufe inda aka yanke magana.

Wajen tacewa, manhajar CapCut ta ishe ki a waya, manhajar DaVinci Resolve kuma tana da ta kyauta a kwamfuta. Fuskar yara dai, sai da izinin iyaye a rubuce da na shugaban makaranta.