Amsa kan tankin kananzir na gidan haya a Belfast

Assalamu alaikum, ƙanena. Na ga hotunan gidan da kake son kamawa haya idan Allah Ya kawo ka karatu Belfast, na kuma ga tambayarka game da koren tankin robar da ke bayan gidan, wanda ɗaya daga cikin maɗauransa ya tsinke yana reto: shin na ruwa ne, kuma igiya za ta wadatar a ɗaure shi?

Ba na ruwa ba ne. Kananzir ne a ciki, irin wanda muka sani a risho, kuma yawancin gidajen Ireland ta Arewa, inda Belfast take, da shi suke ɗumama ɗakuna da ruwan wanka, ta wani siririn bututu da ke fita daga gindin tankin zuwa tukunyar ɗumama gida.

Lita 1,000 na kananzir ta kai nauyin kilo 800, saboda haka cikakken tanki iska ba ta cika motsa shi ba. Sai dai ɗalibi ba ya cika tanki. Lita 300 yake saye ya yi ta lallaɓawa, kuma tankin roba da ya kusa ƙarewa ba shi da wani nauyi, alhali iskar nan ba ta wasa ba ce, domin a guguwar Éowyn ta 24 ga Janairu 2025 ta kai gudun kilomita 184 a awa a gaɓar tekun Galway da ke yammacin tsibirin Ireland. Ba sai tankin ya kife ba. Idan ya gusa ko da taƙi ɗaya ne, mahaɗin bututun na iya tsagewa, man ya tsiyaye cikin ƙasa har ƙarƙashin harsashin gini, kuma kuɗin haƙe ƙasar da ta gurɓata ya ninka kuɗin man nesa ba kusa ba.

Gyaran haƙƙin mai gida ne. Ka rubuta masa tun kafin ka sa hannu a takardar haya, ka haɗa da hoton, ka nemi ya kawo ma'aikaci mai rajista da OFTEC, wato ƙungiyar da ke yi wa masu aikin tankunan mai da tukwanen ɗumama gida rajista. A duba zoben ƙarfen da ake maƙala maɗaurin a jikinsa, wanda aka kafa a daɓen kankaren da tankin ke kai, domin sau da yawa tsatsa ce ke cinye shi, sabon maɗauri kuwa ba zai riƙe komai a ruɓaɓɓen zobe ba.

Igiya ba ta yi, tana saki. Idan an yi hasashen guguwa kafin mai gyara ya zo, ka samo ɗamarar ɗaure kayan mota mai ƙugiya, ka ratsa ta saman tankin, amma kada ka tamke har robar ta lotsa, kuma kada ka huda jikin tankin ko kaɗan. In ka ji warin kananzir ya yi ƙarfi, ka rufe famfon da ke gindin tankin, ka tara bokiti, ka tare malalar da yashi, sannan ka kira mai gida da hukumar kula da muhalli nan take.